Akwatunan Kawu: littafin aikin gyaran tsofaffin lasifikoki biyu a Garwa

Asabar, 14 ga Disamba 2024

Yau na kwaso lasifikokin daga gidan Kawu a unguwar Yelwa. Mai moto ya ɗaga ɗaya, ya dire, ya ce a nemi mai kura, shi ba zai kashe tayarsa a banza ba. Gaskiyarsa ce, kowane akwati ya kusa kilo 20, tsayinsa kuma ya haura kamu ɗaya. Tun ambaliyar Binuwai ta 2012 suke jingine a ɗakin ajiya, tsakanin buhunan masara da wani tsohon keken ɗinki. A nan Garwa ta Kamaru kowa bafil yake ce musu, ni ma haka zan riƙa kiransu wani lokaci.

Kawu ya saye su ne a hannun wani Bature da ke sayar da kayan gidansa zai koma ƙasarsu, lokacin Kawu yana aiki a Sodecoton, kamfanin auduga. Ina yaro, in an kunna su a tsakar gida da daddare, maƙwabta kan zo su zauna a kan tabarma a sha Rediyon Garwa tare. Yanzu idon Kawu ya yi rauni, karatu ya gagara, kunne ne ya rage masa abokin hira. Da zan fita da su ya ce, "Ɗana, in ba za su gyaru ba ka dawo mini da kayana yadda suke, kada ka bari a fasa su a yi bencin zama." Na ce, "Kawu, in sha Allahu sai kun sake jin muryarsu."

Lahadi, 15 ga Disamba

Na goge ƙura na karanta takardar da ke bayansu. Advent ne, babban samfurin farko, ƙirar Amurka. Henry Kloss ne ya kafa kamfanin a 1967 a Kambirij ta jihar Masacusets, wannan lasifikar kuma ta fito kasuwa a 1969. Kowane akwati baki biyu gare shi: babba na ƙasa mai fitar da gangar sauti, da ƙarami na sama mai fitar da siririyar murya. Ƙaramin nan Turawa kan yi masa laƙabi da soyayyen ƙwai, kuma da ka gan shi ka san dalili, ga farin ga gwaiduwa a tsakiya.

Ɓarnar da na gani da ido: soson da ke zagaye da bakin manyan biyu ya mutu murus. Na taɓa da yatsa, ya maƙale mini kamar ɗanko, wani wurin kuma ya zube kamar tokar murhu. Gindin akwati ɗaya ya sha ruwa ya kumbura, domin katakon dusa ne aka danne aka lulluɓe da siririn fallen katako mai kyau. Zanzaro ya yi gini har ɗaki uku a bayan ƙyallen fuska. Ƙyallen kansa ɓera ya ci rabonsa.

Mitar auna lantarki ta ba ni labari mai daɗi da marar daɗi. Manyan biyu kowanne ya nuna wajen om 5, wato nannaɗaɗɗiyar wayar cikinsu ba ta ƙone ba. Ƙaramin dama lafiya lau. Na hagu shiru, allura ko motsi.

Ƙanena ya tsaya a kaina yana tambaya ko sai an nemo tiransifoma tunda kayan Amurka ne, wutarsu 120 tamu 220. Na ce masa lasifika ba ta shan wutar bango, abin da ampili, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ya ba ta shi take ci. Bai yarda ba sai da ya zagaya baya ya ga babu igiyar wuta.

Asabar, 21 ga Disamba

Na ɗauki babba ɗaya a cikin kwali na kai babbar kasuwa wurin wani dattijo mai gyaran kayan sauti, wanda rabin masu kiɗan biki na garin nan a hannunsa suke. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa maganaɗisun, ya ce kaya ne na gaske. Daga nan muka rabu a ra'ayi. Shawararsa: a cire waɗannan a sa sababbi masu inci 12 na China, a huda akwatin a sa bututu don ganga ta fito, a ƙara ƙaho biyu a sama. "Alhaji, in na gama maka, daga Yelwa har gada za a ji ka."

Ban yi masa gardama a gaban yaransa ba, amma wannan shi ne ainihin abin da zai kashe akwatin. Duk hikimar ƙirar a toshewar take. Edgar Villchur ne ya fito da dabarar a 1954, shi da Kloss ɗin nan suka kafa kamfanin Acoustic Research a kanta. Kafin su, abin da ke mayar da bakin lasifika mazauninsa bayan ya motsa shi ne taurin gefensa, shi ya sa mai son ganga mai zurfi sai ya gina akwati kamar kabad. Villchur ya ce a sassauta gefen ya yi laushi tuɓus, a rufe akwatin ruf, iskar da aka kulle a ciki ita ce za ta riƙa tura bakin tana jawo shi. Iska ba ta gajiya, ba ta karkata gefe guda, don haka ƙaramin akwati ya iya sauka ƙasa sosai ba tare da sautin ya dagule ba. Kuɗin da ake biya shi ne irin wannan lasifika ba ta da ƙara, tana cin ƙarfin ampili kafin ta ɗaga murya. Mai kiɗan biki ƙara yake nema, don haka dattijon bai yi ƙarya a sana'arsa ba. Kawu kuwa a ɗaki zai zauna, taku huɗu daga gare su.

Ya nuna mini zoben roba da yake sa wa lasifikokin mota. Na lanƙwasa shi, tauri kamar tayar keke. In na sa wannan, roba ce za ta riƙa aikin da aka tanadar wa iska, gangar ƙasa ta tafi ke nan. Na sayi dalma da reza a wurinsa don kada in fita hannu rabbana, muka yi sallama lafiya.

Asabar, 28 ga Disamba

Na yi odar soso na ainihin wannan samfurin ta intanet, zobe biyu da kwalbar gam, zuwa adireshin Yaya a Faransa. Wani abokin aikinsa zai zo Duwala a watan gobe. Daga can jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan mota zuwa nan. Kuɗin aikowa ya fi kuɗin kayan.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Kafin soso ya iso na shiga katako. Na kwance komai, na zaro audugar gilashin da aka cusa a ciki na zuba a buhu. Wanda bai taɓa taɓa wannan abu ba ya sa safar hannu ya rufe hanci. Ni na yi ganganci da hannu tsirara, kwana biyu ina susa kamar mai ƙazwa.

Gindin da ya kumbura ya bushe shekaru da yawa, amma ya zama kamar gurasa, ana danna shi yana marmashewa. Kafintan layinmu ya ce a yanke a sa sabo. Na fi son a ceci na asali, don haka na tsinka farin gam na katako da ruwa kaɗan, na riƙa ɗura shi da sirinji cikin ɓarakar har katakon ya ƙoshi, na sa faranti biyu na katako sama da ƙasa, muka ɗaure da matsi huɗu. Hunturu ya yi mini rana a nan, iska a bushe take ƙarau.

Asabar, 11 ga Janairu

Na kwance matsin. Kumburin ya koma saura kaɗan, in ba ka shafa da hannu ba ba za ka sani ba. Na cike kusurwar da ta gutsure da garin katako da gam, na bi jikin da samfefa mai laushi, a hankali ƙwarai, domin fallen saman bai fi kaurin farce ba, kana matsawa ka huda shi. Da na shafa mai sai launin goro ya taso, har Maman yara ta leƙo ta ce ashe abin na da kyau. Makonni huɗu ke nan tana kiran su akwatunan gawa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Yau ranar ƙaramin allon da ke raba sauti ce, wanda ke aika ƙasa ga babba, sama ga ƙarami, iyakarsu wajen hatz 1000, ma'aunin kaifin sauti. A jikinsa akwai makunni mai matsayi uku da ake ƙara ko rage kaifin murya da shi daga bayan akwati. Kondansata, wato 'yan gwangwanayen da ke tace sautin da zai je ga ƙaramin baki, biyu ne a kowane allo, an rubuta ma'auninsu 16 a jikin ɗaya, 8 a jikin ɗayan. Na ari mita mai auna su a wurin mai gyaran waya. Na akwatin hagu mai 16 ya nuna 23, na dama ya nuna 19. Irin waɗannan masu ruwa a ciki ne, shekara hamsin a zafin Garwa ba wasa ba ce. In suka kauce haka, ƙaramin baki yana karɓar sautin ƙasa da ya fi ƙarfinsa, kuma akwatunan biyu ba za su yi magana da murya ɗaya ba.

Na zaga masu kayan rediyo ban samu ba. Ina hanyar komawa na tsaya shagon kayan famfo sayen wani abu dabam, sai ga su jere a kanta: kondansata na injin jan ruwa, 8 da 16 cif, masu ɗaukar bolt 450. Waɗannan na leda ne, ba ruwa a cikinsu, ba su da kai da gindi wajen jonawa, abin da ake so ke nan a wannan wuri. Girmansu kawai ne matsala, kowanne kamar gwangwanin tumatir. Na ɗaure su a jikin katako daga ciki da igiyar roba da gam don kada su yi kaɗawa. Mai shagon ya tambaye ni injin nawa gare ni da zan sayi huɗu, na ce masa na kiɗa ne, ya yi dariya ya rage mini sefa 500.

Makunnan biyu sun yi tsatsa. Na ɗiga musu sifirit na yi ta murɗawa har suka daina ƙaiƙayi a mita.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Soso ya iso jiya cikin ambulan, an naɗe shi da tsohuwar jarida. Laushinsa kamar kunnen ɗan akuya.

Yau kankara kawai na yi, a babba ɗaya. Na bar ɗayan ban taɓa ba, kuma wannan shawara ita ta cece ni daga baya. Tsohon gam a jikin zoben katakon da ke riƙe da gefen ya fita da reza ba wahala. Na bakin takardar shi ne aiki, domin takarda ce da gaske, ta shekara hamsin, kana kuskure ka yage ta. Da yatsa na riƙa murza shi yana dunƙulewa kamar dattin wanka, inda ya ƙi sai in ɗiga sifirit a auduga in jira. Awa uku a baki ɗaya. An kira la'asar ban sani ba.

Wani abu da waɗanda ke wannan aiki a ƙasashen sanyi ba sa fama da shi: ƙurar hunturu. Tsakanin wayar da ke motsi da maganaɗisu akwai rata siririya, da ƙyar katin waya zai shiga. Tsakuwa ɗaya ko ɓurɓushin ƙarfe ya faɗa ciki, za ka riƙa jin ƙarar ƙarce har abada. Na yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, na toshe taga da tsohon zane, na kori yara, na kashe fanka. Duk wani sukudireba da samfefar da ta taɓa ƙarfe na fitar da su waje.

Talata, 11 ga Fabrairu

Hutun Ranar Matasa, gari ya tafi kallon fareti, gida shiru. Na ce yau ne.

Akwai hanya biyu ta daidaita wayar a tsakiyar ratar. Ko ka bar hular da ke tsakiyar baki ka riƙa dannawa kana saurare, ko ka yanke ta ka cusa siraran abu a zagaye su riƙe wayar daram har gam ya kama. Na zaɓi ta biyu domin ban yarda da hannuna ba tukuna. Na yanka hular da reza na bar ɗan gefe kamar murfin tukunya, na yanyanka tsohon hoton ƙashi na asibiti, na ƙafar ƙanena da ya karye a ƙwallo, na cusa yanka huɗu a zagaye. Ya shige daidai, ba matsi ba sako-sako.

Na shafa gam a bakin takarda, na ɗora soso, na bi shi da yatsa ina dannawa. Ya yi kyau har na tashi zan wanke hannu. Idona ya sauka kan ɗaya babban da ban kankare ba, na tsaya. Guntun tsohon soson da ya rage a jikinsa lotsawa ya yi ciki. Nawa kuwa tudu ya yi waje, yadda aka saba gani a kowace lasifika. A wannan samfurin a kife ake sa shi. Gabana ya faɗi, domin zobe biyu kacal gare ni, na uku yana Faransa.

Abin da ya cece ni gam ɗin ne. Farin gam ne mai ruwa, yana ba da lokaci. Da gam ɗin takalmi na sa, irin wanda ake amfani da shi a kasuwa, da ya kama nan take, sai dai a yaga. Na jiƙa auduga da ruwa, na riƙa ɗaga soson kaɗan kaɗan da bayan cokali, ina bismillah a kowane taku. Ya fita bai yage ba. Na wanke shi, na shanya a inuwa, na jira takardar ta bushe, bayan azahar na sake sa shi a kife. A wannan busasshiyar iska gam na fara yin fata cikin minti kaɗan, don haka rabi rabi na riƙa shafawa.

Da yamma na manne gefen waje. Ban zare hoton ƙashin ba sai gobe.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kafin in tafi aiki na zare su, na ɗora yatsu huɗu a zagayen tsakiya na danna. Ya shiga ya fito ba ƙarce ko kaɗan. Na mayar da hula na manne.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na biyu ya ɗauki rabin lokacin na farko. Babu labari.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ƙaramin hagu, wanda ya yi shiru. Na kai shi teburin mai gyaran waya don in yi amfani da madubinsa mai ƙara girma da siririn ƙarfen dalmarsa. Mun samu inda ta tsinke, dab da inda wayar ke fitowa ta nufi maƙalinta, wuri ya yi kore da tsatsa. Wayar ba ta fi gashin kai kauri ba. Ni hannuna rawa yake, yaron ne ya kankare ta da bakin reza, ya ɗauko silin waya ɗaya daga tsohuwar igiyar caja ya yi mata gada. Mita ta motsa. Na ba shi jaka ɗaya, ya ce a bar shi, shi dai a kira shi ranar da za a kunna.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya shiga, zafi ma ya shigo da ƙarfinsa, da rana ana haura 40. Aiki sai bayan asuba ko bayan tarawi.

Na mayar da audugar gilashi, wannan karon da safar hannu, na ɗaura komai, na jona da tsohon ampilin Sansui da na saya a wurin masu kayan gwanjo. Na sa kaset ɗin kalangu. Murya ta fito tas, amma gangar ba ta nan, sauti ya yi fayau kamar ana kiɗa a faranti. Na juya sauti zuwa akwati ɗaya, ganga ta dawo. Na mayar tsakiya, ta ɓace. Wannan alamar a bayyane take: ɗaya na turawa, ɗaya na ja, suna cinye juna. Na ɗauko batir ɗin tocila mai bolt 1.5 na taɓa a wayoyin kowanne. Na dama ya yo waje, na hagu ya shige ciki. Ni na juya wayoyin babban hagu da na zo dalma. Minti goma aka gyara.

Sai gwajin da na fi jira. In akwatin a toshe yake da gaske, ka danna babban baki a hankali ka saki, ba zai dawo farat ɗaya ba, zai taso sannu kamar ƙullin fanke. Na dama haka ya yi. Na hagu, mai gindin da ya sha ruwa, ya dawo tsalle guda. Iska na fita ta wani wuri.

Na bi duk kusurwa da kunne ban ji ba. Maman yara ce ta shigo da kaskon turaren wuta za ta turara ɗaki, na ce tsaya, ba ni aron wannan. Na sa sautin gwaji mai hatz 30 daga waya, wanda kusan ba a jin sa sai dai ka ga baki na numfashi, na riƙa zagaya akwatin da kasko. Hayaƙi na tashi miƙe abinsa, har na kawo bayan akwati ta ƙasa, inda allon baya ya haɗu da gindi. Nan ya fara rawa yana karkarwa. Tsaga ce da ido ba ya gani, tsawon ɗan yatsa. Wata kuma a gefen babban bakin, inda tsohon ƙullin da aka toshe da shi tun daga masana'anta ya bushe ya farfashe. Ta ce, "To, yau turarena ya shiga aikin injiniya, sai a biya ni." Na ce a rubuta bashi.

Tsagar na cike ta da gam daga ciki. Gefen bakin na kankare na sa sabon abin toshiya mai laushi, irin wanda masu gyaran firji ke amfani da shi. An ɗauke wuta kafin in sake gwadawa.

Asabar, 15 ga Maris

Na danna na hagu na saki. Ya taso a hankali, daidai da ɗan'uwansa.

Bayan an sha ruwa na ɗauko Kawu a mota, yaron mai gyaran waya ma ya zo. Na zaunar da Kawu a tsakiya, akwatunan a kan bulo biyu biyu, bayansu kusa da bango. Ya zo da kaset ɗinsa a aljihu, karatun Alƙur'ani na wani alaramma da ya ɗauka da kansa shekaru da yawa. Muka fara da shi. Ana jin numfashin mai karatu kafin kowace aya, har da wani zakara da ya yi cara a bayan gidan da aka yi ɗaukar. Kawu ya ce wannan zakaran ya manta da shi sam. Daga baya na sa kalangu, sannan kiɗan makosa na Kamaru don in ji jitar ƙasa, ta sauka har cikin ƙirji ba tare da ta yi gunji ba.

Can Kawu ya karkata kai, ya nuna hagu da sandarsa. "Ɗana, wannan muryarsa ba ta kai ta wancan ba." Na matsa na saurara. Gaskiya ne, ƙaramin da muka yi wa gada ya ɗan fi ɗayan rauni, kuma in mai karatu ya ja sin da ƙarfi akwai wani ɗan zizar da ke biyo baya. Ni da na yi wata uku a kansu ban kama ba. Na murɗa makunnin bayansa zuwa sama, raunin ya ragu, zizar tana nan.

Ya so ya tafi da su a daren. Na roƙe shi ya bar mini su zuwa Sallah.

Abin da ya rage: in sake buɗe ƙaramin hagu in ga ko gadar ce ke taɓa wani abu, in ba haka ba Yaya ya nemo mini na gwanjo a can. Ƙyallen fuska kuma har yanzu ban samu ba. Na duba yadi kala shida a kasuwa, ina ɗaga kowanne ina hura iska ta cikinsa, masu shago na kallona. Wanda iska ke wucewa sosai fari ne fat, ba zai yi sati a ƙurar nan ba. Akwai wani mai ruwan ƙasa da aka ce za a kawo daga Marwa ranar Alhamis.